Mangwaron da Ya Faɗi Ƙasa

Mun sha wuya, kuma har yau muna sha. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Ummaru, lambun mangwaron da ya bari a Mungadi bai huta da ƙuda ba ko shekara guda.

Ba ƙudan gida nake nufi ba. Wani ɗan siriri ne mai ratsin rawaya, yakan soki mangwaro tun yana bisa. Ka tsinko shi gwanin kyau, ka kai kasuwar Jega, mai saye ya gatsa sai tsutsa. Yaya ne ya fara cewa, "Wanga ƙuda ba namu na ba, baƙo na." Muka yi masa dariya.

Daga baya wasu masu bincike suka zo da tarkon roba, suka kwashi ƙudan a kwalabe. Da suka dawo, babbansu ya ce sun duba jinin ƙudan. Na Mungadi, na Aliero, har na ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba, duk zuriya ɗaya ce, daga ƙetaren teku. Ya ce a tattara duk mangwaron da ya faɗi a binne da zurfi, don a cikinsa tsutsar ke girma.

Yaya ya ƙi. A wurinmu na bisa na mai lambu ne, na ƙasa rabon mai wucewa ne. Haka muka gada.

Ya ce wa babban nasu, "In binne rabon mutane, Malam? Mi zan ce ma Allah?"

Mata masu itace da makiyaya suka ci gaba da tsinta, su kai gida, su yar da ruɓaɓɓen bayan danga. Da hannunmu muka raba ƙudan nan gari-gari.

Da yana raye yau, ban san ko zai sauya shawara ba. Ni dai na yi ta binnewa, maƙwabta ba sa binnewa, ƙudan ya tsallako abinsa. Har gobe mutane na yi wa Ummaru addu'a, wai lambunsa bai taɓa korar kowa ba. Ni kuwa marowaci suke ce mini. Abin da ya rage nasa ke nan: sunan kirki, da itatuwan da ba sa ciyar da 'ya'yansa.

Makon jiya matarsa ta same ni a ƙofar gida. "Sani, rumbu ya yi ƙasa. Ka yi abin da ka ga ya dace, ni na yafe."

Washegari na wasa gatari, na fara da itacen bakin hanya. Albasa za mu sa.