Ni Ban Miƙe a Jirgin Ba

Ranar Alhamis ta biyu a watan Muharram, shekarar da nake aji biyar na firamare, hantsi ya same ni tsaye cikin ruwan teku a gaɓar Shu'aiba har ƙugu, na riƙe gefen jirginmu da hannu biyu, haƙorana suna kaɗawa don sanyi. Iskar arewa ta taso tun muna kan hanya daga Makka, kuma kafin mu sauke jirgin daga tirela teku ta riga ta yi fari da kumfa. Babana, Idrisu, yana ta bayan jirgin kusa da makina, wato injinsa, ya zuba wa ruwa ido. Yayansa, Baffa Sani, ya riga ya haye ya zauna a bencin tsakiya, ya naɗe zaninsa a gwiwa yana ta faɗa. Ya yi wa surukansa alkawarin shinkafar sayadiyya ranar Juma'a da kifin da ya kamo da hannunsa, ya ce ba iskar da za ta sa shi jin kunya. Baba ya ce, "Yaya, mu bari sai gobe da safe." Baffa ya ce, "Yalla, ya Idrisu, tura mu tafi. Yarinya ma ba ta ji tsoro ba, sai kai?" Da ni ya yi masa gori, ni da kullum yake cewa ba ni da abin yi a teku.

A unguwar Utaibiyya ta Makka aka haife mu duka, a wani tsohon gida mai hawa uku da kakanmu ya bari, wanda ya zo daga ƙasar Kano aikin Hajji bai koma ba. Baffa da iyalinsa suna hawa na biyu, mu muna na uku, kakarmu da muke kira Sitti tana ƙasa saboda ƙafa. Sana'ar gidan tsire ce, wanda mutanen Makka suke ce wa sire. Shagon yana bakin layinmu, Baffa a gaban wuta yana hira da masu saye, Baba a ciki yana yanka. Shi ne mai wuƙa. Yakan fere nama ya fito siriri har kana hango hasken fitila ta cikinsa. Mu yara aikinmu bayan makaranta shi ne wanke tsinkaye, da tankaɗe garin ƙuli-ƙuli, da ɓare albasa har idanunmu su kumbura. In an sallame mu sai mu haye rufin gida, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya, mu zana ɗakunan tsalle da gawayi, rabin maganarmu Hausa rabi Larabci, Sitti tana ƙwala mana kira daga ƙasa mu daina dire-dire a kanta. Lokacin Hajji ba wanda yake hutawa a gidan, har ƙarin ma'aikata ake ɗauka. Sai alhazai sun watse gari ya yi sauƙi, sannan 'yan'uwan biyu suke tunawa suna da jirgi.

Ƙaramin jirgi ne fari, irin wanda masunta suke kira huri, da makina ɗaya a bayansa mai igiyar ja. Su biyu suka haɗu suka saya, amma Baba ne mai wanke shi, shi ke canza masa mai, shi ke kai makinar gyara. A lokacin ba shi da ɗa namiji, mu huɗu ne mata, ni ce babba, don haka tun ina aji biyu ya fara tafiya da ni. Umma ba ta so, Baffa kuwa cewa yake, "Aib ne wannan, abin kunya, mace a huri." Baba sai ya yi murmushi ya ɗauko mini rigar iyo mai ruwan lemo. Ya yanke mini galan na kwarfar ruwa, ya nuna mini wurina a ƙasan jirgin, gaban ƙafafunsa. Maganarsa ɗaya ce duk lokacin da za mu ratsa igiyar ruwa: "Zauna a ƙasa, riƙe da kyau, ni za ki kalla ba ruwa ba." Ban taɓa saɓa wannan ba ko sau ɗaya. Ina alfahari da shi ma, domin na sha ganin manyan maza suna zabura a jirgi ni ina zaune daram.

Wurin da muke shiga yana da duwatsun murjani a shimfiɗe daga gaɓa, sai wata 'yar kafa a tsakaninsu wadda jirgi ɗaya zai iya bi. In iska ta taso, a bakin wannan kafar igiyoyin suke fashewa. Ran nan Baba ya ɗaga ni ya jefa ciki, ya juya goshin jirgin ya fuskanci ruwa, ya tsaya yana jira. Manyan igiyoyi suka zo bi da bi, kowace ta ɗaga mu ta dire, Baffa yana tsaki. Da suka lafa sai Baba ya tura da ƙarfi har ruwa ya kai masa ƙirji, ya ɗare gefe ya faɗo ciki, ya ja igiyar makina. Ba ta tashi ba. Ya sake ja, ta yi tari ta kama. Muka nufi kafar kai tsaye. Wata igiya ta miƙe a gabanmu kamar katanga, goshin jirgin ya hau sama har na ga tafin ƙafar Baffa, muka faɗo ta bayanta da ƙara, ruwa ya zubo mana. Na hau kwarfa. Da muka fita fili Baffa ya yi dariya ya ce, "Ka gani? Tsoro ne kawai."

Kifi ya ci ran nan, wannan ba zan ɓoye ba. Mun sami kifin sha'ur da yawa, Baffa ya jawo wani babban najil ja wanda ya sa shi kabbara. Amma iska ƙaruwa take yi, jirgin yana ta tangaɗi, ni kuma hannuna ya gaji da galan. Tun kafin azahar Baba yake cewa mu koma, Baffa yana cewa saura ɗaya. Da ya yarda aka ɗaga anka, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, fuskarsa ta riga ta canza, amai ya kama shi, yana kwance rabin jikinsa a gefe. Mutumin da ya hana mu komawa ɗazu, yanzu shi ne yake ihu a kai shi tudu.

Shigowa ta fi fita wuya. Sai an tsaya a wajen kafar an bar manyan igiyoyi sun wuce, sannan a bi bayan ta ƙarshe, a manne mata, kada a riga ta kada kuma ta baya ta cim maka. Baba ya rage wuta yana kewayawa yana jira, hannunsa a kan sandar makina, wuyansa a juye yana duban baya. Baffa ya ce ya shiga. Baba ya ce, "Saura kaɗan, Yaya." Ina zaune a wurina ina kallon Baba kamar yadda ya koya mini, shi ya sa na ga komai. Baffa ya taso daga bencinsa, ya tsallake ni har gwiwarsa ta bugi kaina, ya damƙi sandar a kan hannun Baba ya murɗa wuta. Jirgin ya zabura ya shiga kafar a gaban wata babbar igiya. Ta ɗaga bayanmu, goshin ya nutse, muka juya a kaikaice, sai na ji sama ta koma ƙasa.

Ruwan bai da zurfi a wurin, amma jirgin ya kife a kaina, rigar iyo ta manna ni da cikinsa, ba na ganin komai sai duhu da kumfa. Na ji hannu ya shigo ta ƙarƙashin gefen ya kama ƙafata ya fizgo ni. Ina fitowa wata igiyar ta ɗaga jirgin ta maka shi a kan dutse, kuma ɗaya hannun Baba, na dama, wanda ya tokare gefen da shi, yana tsakani. Bai yi ihu ba. Ya ɗauke ni da hannun hagu ya kai ni inda zan iya tsayawa, sannan na ga jini yana bin ruwa. Wasu masunta suka rugo suka taimaka aka jawo jirgin. Ɗaya daga cikinsu ya tambayi abin da ya faru, Baffa yana tsaye ba ko ƙwarzane a jikinsa, ya nuna ni ya ce, "Yarinyar ce ta tsorata ta miƙe." Na juya na kalli Baba. Yana naɗe hannunsa da rawani, idonsa a ƙasa.

Na ce a raina zafin ciwo ne ya hana shi magana, in mun je gida zai faɗa. A asibiti aka cire masa yatsu biyu, na uku ya sanƙare har abada. Kafin a sallamo shi labarin ya gama zagaye hawa ukun nan ya fita layi. Sitti ta rungume ni tana kuka tana cewa Allah ya yafe mini, ai ƙuruciya ce. Umma ta ce da ma ta faɗa. Na rantse musu ban miƙe ba, suka ce in yi shiru, kada in ƙara wa babana damuwa. Ranar da ya dawo, maza suka cika ɗakin baƙi suna yi masa sannu, aka aike ni da shayi. Na tarar Baffa yana ba da labarin, har yana kwatanta yadda wai na ɗaga hannuwa sama. Na dire tiren na ce, "Wallahi Baffa kai ne ka miƙe, kai ka kama makina. Baba, ka faɗa musu." Baba ya ɗago ya dube ni, ya ce a hankali, "Safiya, ba Baffanki haƙuri ki fita." Ban ba da haƙurin ba. Na fita, Umma ta tare ni a matakala ta mare ni.

Daga ranar ba a sake kai ni teku ba. An gyara jirgin, Baffa ya ci gaba da zuwa da 'ya'yansa maza, har suna hawowa da kifi su miƙa wa Umma. 'Ya'yansa mata da muke makaranta ɗaya suka kai labarin aji, aka sa mini suna mai kifar da jirgi, ya bi ni har sakandare. Na daina hawa rufin gida. A shago aka ɗauki wani yana yanka, Baba ya koma jera tsinkaye da shara, aikin da mu yara muke yi. Duk wanda ya tambayi hannunsa, in ina kusa, sai a ɗan dube ni a kawar da kai. Baffa ban ɓata lokaci a kansa ba, na tsane shi na huta. Fushin da ya cinye ni na Baba ne. Nakan zuba masa ruwan alwala, in ga dungun yatsun nan, in tuna don ni ya sa hannun a wurin, tausayi ya kama ni, sai kuma in tuna shirunsa in ji kamar in watsar da butar. Mutumin da ya ba da hannunsa don ya fito da ni ya kasa ba da kalma ɗaya. Shekaru na yi ina gaishe shi da baki kawai.

Sai da aka sa ranar aurena na tambaye shi, muna zaune mu biyu bayan la'asar. Bai yi mamaki ba. Ya ce, "Na san ba ki miƙe ba. A gaban ƙafata kike." Na ce to me ya sa. Ya ce, "Yayana ne. Gida ɗaya, shago ɗaya, uwarmu tana raye. Na ga ke yarinya ce, za ki manta." Na ce masa ban manta ba. Ya ce ya gani. Na jira ko zai ƙara wani abu, ko zai ce zai gaya wa Umma, sai aka kira sallah ya tashi ya nemi takalmansa.

Yanzu an sayar da gidan Utaibiyya, kowa ya kama haya, mu muna unguwar Aziziyya. Baffa ya rasu da labarinsa a bakin mutane, har yau akwai 'yan'uwan da suke ba da shi a taron biki suna dariya, ni kuma duk inda na ji sai na tsaya na gyara, ko a gaban wa. Ina da motata, ba wanda zai hana ni hanyar Shu'aiba, nakan je da 'yata mu zauna a kan yashi muna kallon masu huri suna jiran igiya ta lafa. Baba ya tsufa, ba ya son doguwar tafiya, na sha cewa ya zo ya ce wata rana. Har yanzu in na tuna ɗakin baƙin nan zuciyata tafasa take. Amma in na ga wani uba ya ɗaga ɗansa ya jefa cikin jirgi, sai in ji ina kewar shekarun da ban san Baba yana tsoron kowa ba.