Jatau Mai Batir na Bakin Tashar Dogon Dutsi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 12 ga Nuwamba 2024, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Malam Jatau Mai Batir a gidansa da ke Dogon Dutsi. An yi jana'izarsa da la'asar, direbobin tasha suka ajiye lodi suka raka shi.

Ni Abdussalamu, shagona yana kallon nasa, titi ne kawai tsakaninmu. Ba zan ce mu aminai ne ba. Sana'a ɗaya muke yi, kuma ba mu taɓa yarda da juna a kanta ba. Shi batir mai ruwa yake sayarwa, wanda ake buɗe marafansa a duba, a ƙara masa ruwa in ya ja baya. Ni kuwa rufaffe na kawo garin, wanda direbobi ke ce wa busasshe, a ɗaura shi a manta da shi har ranar da ya mutu.

Yaya Jatau, ba ka taɓa sayar wa mutum batir ba sai ka tambaye shi ko yana buɗe gaban motarsa da safe. In ya ce yana buɗewa, ka ba shi mai ruwa, ka nuna masa inda ruwan zai tsaya. Kana cewa da zafin Arewa da ramukan hanyar Ɗan Kassari, gara abin da mutum zai iya jinyarsa. In kuwa ya yi shiru, sai ka nuna masa ƙofata. Haka ka yi da Hadiza, wata ungozoma da aka turo aiki daga Yamai. Da kanka ka tsallako da ita, ka ce mini, "Ba ta busasshe. Wagga ba ta da lokacin duba ruwa, kuma aikinta bai son mota ta ƙi tashi."

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne a bazarar shekarata ta biyu da buɗe shago. Mahmudu, direban hanyar Matankari, ya sayi batir a wurina, bai yi wata ba ya kumbura. Na canza masa, na biyun ma ya kumbura. Ya ɗauko shi a ka ya dire a tsakiyar tasha, yana cewa jabu nake kawo wa mutane. Direbobi suka taru, wasu har sun fara cewa kada a sake shiga shagona. Da ka yi shiru a ranar, da kasuwar duka ta koma hannunka, kuma babu wanda zai zarge ka. Sai ka taso da abin awonka, ka sa aka tayar da motar, ka auna.

"Batir bai da laihi," ka ce. "Dinamonka ka dahwa shi. Ko nawa ka ɗaura, ƙonewa za ya yi."

Mahmudu ya tafi wurin mai gyaran wutar mota, aka tarar haka ne, dinamon da ke caja batirin ne ya lalace. Da yamma na je yi maka godiya, ka ce ba don ni ka yi ba, kuma har yanzu kana kan bakanka cewa batir ɗin da ba a buɗewa bai dace da motar haya ba. Ban ja da kai ba, ban kuma yarda ba.

Bayan wasu shekaru batir ya fashe maka a kan caji, ruwansa ya cinye maka idon hagu. Mutane suka ɗauka ka bar sana'ar ke nan. Da ka warke sai ka fitar da cajin waje, ƙarƙashin rumfa, ka hana kowa kunna taba a wurin, ka ci gaba da leƙa marafai da ido ɗaya.

Ranar da ka rasu ka fito aiki kamar kullum. Da hantsi ka ce kanka na sarawa, ka tafi gida ka kwanta, ka bar batura huɗu a kan caji. Bayan an dawo daga maƙabarta 'yarka Nazifa ta kawo mini mabuɗin shagonka, don a gidan babu wanda ya san yadda ake cire su. Na cire, na ƙara wa biyu ruwa. Suna shagona, masu su za su iya zuwa su ɗauka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Inna Ramatu, da Nazifa da ƙannenta, da danginsa na Dumega, da direbobin tasha. Allah ya jiƙan Malam Jatau, ya gafarta masa, ya sa idon da ya rasa ya zame masa kaffara, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.