Duwatsun Sadiƙu da Ruwan Kori

—sun tsaya, wallahi sun tsaya! Rabi, aje muciyar nan ki zo ki ji! A kira mini duk wanda ya ce ƙanena ya zare, ya zo ya maimaita a gabana!

Sadiƙu nake faɗa muku, wanda ke bi na. Shekara shida ya yi nan unguwar Gata'al Wad, cikin Tamanrasset, yana kwaɓa siminti yana ɗaukar bulo a ginin mutane. Rannan ya ji labarin wata garka, wato lambu, a hanyar Tazruk, gida tara suka haɗu a kanta, rijiya ɗaya, garken awaki ɗaya, tukunya ɗaya ta abincin rana. Ba su zubar da komai. Kashin awaki ya koma taki, ruwan wanke-wanke ya bi rariya zuwa gindin ɓaure, dabino na yi wa rumman inuwa, rumman na yi wa albasa. Dokarsu ita ce baƙo ya yi aiki tukuna, in jama'a sun gamsu a ba shi ɗaki da fili, in ba su gamsu ba ya ɗau jakarsa.

Matsalarsu ɗaya, kori, busasshen rafin da ke kawo ruwa daga duwatsu. Garkar a gangare take. Sai a shekara ba ɗigon ruwa, ran da aka yi shi bisa duwatsu kuwa ya gangaro da fushi ya share ƙasar da suka wahala a kanta. Abdulfatah, babban maginin wurin, ya ce katangar siminti za a ja. Sadiƙu, da bai fi wata biyu da zuwa ba, ya miƙe a taron Juma'a ya ce ruwa ba a tare masa gaba, gudu ake rage masa. Ya ga haka can Keita, ƙasarmu ta Adar, yana ƙarami, lokacin da innarmu ke ɗaukar dutse a ka ana jerawa.

Tsoho Abdurrahman, mutumin nan yankin Ahaggar da ya ba da filin, Hausarsa ta zaman Agadas ce. Ya ce, "To, gabas na Abdulfatah, yamma naka. Ruwa zai yi shari'a. In naka ya tafi, kai ma ka bi shi."

Sadiƙu ya ce ya yarda.

Kayan aikinsa ke nan, tiyo garai-garai irin na magina, ya cika shi da ruwa ya ɗaure bakinsa biyu a sanduna. Mas'uda mai kula da awaki ta riƙe ɗaya, shi ɗaya. Inda ruwan ya yi daidai a sandunan biyu, nan zai aje dutse. Layin bai miƙe ba, ya yi ta lanƙwasa kamar sawun maciji. Tsayinsa ko gwiwa bai kai ba, ba siminti, ga ƙofofi tsakanin duwatsu.

Abdulfatah ya leƙo daga kan katangarsa. "Kai Ba'adare, kwando kake saƙa wa ruwa?"

"Kwando ne, maigida. Ruwa ya wuce, ƙasa ta zauna."

"Akuyar Mas'uda mai ciki ma ta tsallake shi jiya."

"Ai ba don akuya na yi ba."

Kuma ba a ɗauke masa aikin jama'a ba. Da safe ban ruwa, da hantsi juya taki, kafin azahar buga tubalin garke. Sai bayan la'asar yake samun kansa, ya tura burweti, baro ke nan, ya kwaso dutse. Layi bakwai ya ja haka. Damina ta zo ta wuce, ko yayyafi ba a yi ba. Aka fara ƙus-ƙus. Wani ya kwashe duwatsun layi na uku ya gina akurkin kaji. Sadiƙu bai yi faɗa ba, ya kwaso wasu ya mayar, ya zauna a kai yana shan shayi har mai akurkin ya wuce ya kasa haɗa ido da shi.

Ni kaina na ce masa ya dawo gari, aikin gini bai ƙare ba. Ya ce, "Yaya, na gaji da gina ɗakin da ba zan kwana ciki ba. Daga nan ba mai tashe ni sai ruwa."

Wata na goma sha huɗu da zuwansa dutse ya faɗo masa a ƙafa. Aka kawo shi Tamanrasset aka ɗaure, ya zauna nan tsakar gidana. Shekaranjiya hadari ya haɗu baƙi ƙirin bisa duwatsu. Jiya wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya ce kori ya sauko, har hanya ya yanke. Sadiƙu ya kira ya kira, garkar ba rezon waya sai an hau tudu. Na sa masa tuwo ya bushe a kwano. Zaune yake yana lissafin ruwan a ransa, ya iso layi na farko, ya iso na biyu, ga na ukun nan da aka taɓa kwashewa. Nan zuciyarsa ke tsayawa kullum.

Yau da hantsi wayar ta yi ƙara. Tsoho Abdurrahman ne, yana haki, da ƙafarsa ya hau tudun.

"Sadiƙu, ya ƙafa?"

"Baba, bar ƙafa. Duwatsun fa?"

"Na farko ya ɓalle a tsakiya, kamu uku. Shida suna nan. Laka ta kwanta bayansu, na sa sandata ta shige taƙi guda. Har yanzu ƙasar a jiƙe take."

Sadiƙu ya ce, "Gabas fa?"

"Katanga na tsaye. Ruwa ya haƙe ƙarƙashinta ya wuce da albasarmu. Tsaya, ga mai ita."

Sai muryar Abdulfatah. "Ba'adare."

"Maigida."

"Ɗakin da ke kusa da ɓaure, na fara yaɓe shi, jama'a sun ce naka ne. In ƙafar ta warke ka taho."

"Ko ba ta warke ba gobe ina hanya."

"To ka taho da tiyon nan naka. Ni zan riƙe maka ɗaya bakin."