Kuɓewar Mahaifiyata da Shamuwar Doha

Shekarun baya, lokacin ina tuƙi a Doha, mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya a unguwar Mansura. Kafil ɗina, wato Balaraben da nake wa aiki, yana da gona can bayan gari, da dabinai da wani tafki da aka haƙa. Duk Juma'a nakan kai iyalinsa, in wuni a bakin tafkin ina kallon tsuntsaye: belbela, zalɓe, da wasu agwagin ruwa masu nutso kamar an biya su. Abokina, ɗan ƙasarmu, mai gadi ne a unguwar Al Mirqab, yakan biyo ni idan yana hutu.

A ƙasan jakata akwai wani ƙullin tsumma. Irin kuɓewa ne da mahaifiyata ta ba ni ranar da zan taho, gajeriya mai yauƙi, wadda ita ma ta gada wurin tata uwar. Shekara biyu ban kwance shi ba. Sai ran nan a waya ta ce min ɓeraye sun cinye nata kaf.

"Na hannunka kaɗai ya rage, ɗan nan. Iri kuma ba ya son dogon zama, mutuwa yake yi. Ka samu ƙasa ka shuka."

Hutuna saura shekara guda. Na roƙi kafil, ya yanka min ɗan fili bayan dabinai, kusa da na sauran ma'aikata. Ya ce a ja min tiyo. Na ce a dakata tukuna, ni ɗan manomi ne, na san lokacin shuka.

Wata Juma'a a watan Maris, sanyi ya tafi, zafi bai kankama ba, sai ga wani tsuntsu ya sauka bakin ruwa, baya baƙi, ciki fari, ƙafafu zara-zara. Na miƙe tsaye.

"Shamuwa! Wallahi shamuwa ce!"

A garinmu in shamuwa ta iso, damina ta ƙaraso, ko yaro ya san wannan. Abokina ya ƙare mata kallo ya ce, "Malam, wannan shamuwar taka ba ta ƙoshi ba. Ko rabin ta gida ba ta kai ba."

"Wahalar hanya ce," na ce masa. "Kai da ka zo, haka kake?"

A ranar na yi binne, irin shukar da muke yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko. Kuma don tsabar iyayi ban rage ko ƙwaya ɗaya ba, abin da mahaifina zai mare ni a kai.

Mako ɗaya, sama wasai. Mako biyu, ko gajimare na kunya babu. Kafil ya same ni tsugune ina leƙen sama, ya tambayi abin da nake jira. Da na gaya masa, dariya ya yi har ya dafa dabino.

"Ruwa? Khalas, ya ƙare, sai baɗi! Waɗannan tsuntsayen wucewa suke yi. Yalla, maza a jawo masa tiyo."

Ni ban yi dariya ba. Na san abin da na binne ba nawa ba ne. Duk wannan makon ko na ci abinci ban san ɗanɗanonsa ba, na kuma ƙi kiran gida.

Juma'ar da ta biyo, ko motar ban gama kashewa ba na ruga. Bakwai suka tsiro. Bakwai! Na durƙusa ina ƙirgawa ina maimaitawa, abokina yana bayana yana cewa, "To, baban 'yan bakwai, yaushe suna?"

Da suka fara 'ya'ya sai ya addabe ni da zancen miya. Na ce ko ɗanya ɗaya ya tsinka, abotarmu ta ƙare. Sai da na bar na farko suka bushe a jiki, na ɓare, na cika gwangwanin madara da iri, sannan muka tsinki sauran. Ranar a Mansura har maƙwabtanmu 'yan Ghana sun shigo da kwanukansu. Abokina ya ja loma, yauƙin ya biyo shi har gwiwar hannu, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce yaji ne, alhali ba mu sa yaji ba.

Abin da na koya dai shi ne, in ka je garin mutane, ka tambayi masu garin yaushe ake ruwa. Har yau in na ga tsuntsu a bakin tafki sai na yi wa kaina dariya.

Da na koma gida na miƙa wa mahaifiyata gwangwanin. Ta zuba irin a tafin hannu, ta daɗe tana juya shi da yatsa. Na ba ta labarin duka, har da shamuwar. Ta yi dariya har da tari, sannan ta ɗaga kai ta dubi kukar ƙofar gidanmu, inda shamuwar gaskiya ta fara ɗaukar karan yin sheƙa.

"To ga taka can ta iso. Ɗauko min fartanya."