Wayata ba ta yi ƙara da asuba ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mushe Lawali, malaminmu na makaranta, ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya iske ni, ina shara a ƙofar shago. Har yanzu na kasa zama wuri ɗaya, in tashi, in zauna, in ɗauki waya in aje.

Waɗanda suka yi lakwal, wato boko, a Sabon Gari sun san shi. Shi ya koya mani riƙe alli, shi kuma ya laƙa mani suna Sarkin Surutu. Yau ina da 'ya'ya huɗu, amma bai taɓa kirana Rabi ba.

Tun da ya yi ritaya ya tsiro da wani abu. Kullum ya sallame sallar asuba sai ya yi ma mutanensa bip, wayarka ta yi ƙara sau ɗaya ya katse. Ba ya son a kira shi, kai ma bip za ka maido. Ma'anar ke nan, ya tashi lafiya, kai ma ka tashi.

Ni dai da farko haushi yake ba ni, wallahi. Goyo ya hana ki barci, kin samu ido ya rufe, sai ƙirrr! Na taɓa zuwa har gida na ce, "Haba Mushe, mi na yi maka?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Ɗiyata, a shekaruna duk safiyar da na buɗe ido kyauta aka ba ni. Wanda aka yi ma kyauta ai sai ya nuna ma mutane."

To mi za ka ce ma wannan?

Ran Juma'ar da ta wuce na biya wurinsa. Yana gindin itacen bedin da ke ƙofar gidansa, an kawo mashi zogale daga Jiratawa, an kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Sai murna yake kamar an yanka mashi rago. Na ce ina gwiwa? Ya ce, "Gwiwa ta yi yaji. Amma kunne na ji, ido na gani, zogale na wucewa. Alhamdulillahi. Sa hannu, Sarkin Surutu, ko bakin ya huta."

Ashe ganin ƙarshe ke nan.

Yau da asuba wayata ba ta yi ƙara ba. Na ce ƙila caji ne, ai jiya an ɗauke wuta.

Da na isa gidan rasuwar, mata sun cika tsakar gida, an ce jana'iza sai bayan azahar. Ina zaune sai wani mutum ya faɗo mani a rai. Na ce da Inna, matar Mushe, "An gaya ma Baba Dogo?" Ta dube ni, ta sa hannu a ka. Ba wanda ya tuna.

Baba Dogo abokin Mushe ne tun suna kiwon awaki a Tibiri. Can yake zaune har yanzu, matarsa ta rasu, idonsa ya yi rauni, ga hawan jini. Shi ne na farko da Mushe ke yi ma bip kullum. Inna ta ce ba ya ko karya kumallo sai wayar ta yi ƙara.

Wani ya ciro waya zai kira shi. Na ce kul! Tsohon nan ba ya ganin suna a waya. Tana yin ƙara zai ce Lawali ne, ya yi murna, sannan ka gaya mashi mi?

Na tari ɗan kabu-kabu mai babur. Duk hanyar Tibiri ina ta yi mashi faɗa ya ƙara wuta, bawan Allah bai yi mani laifin komi ba. Tsorona kada a kai Mushe makwanci abokinsa bai sani ba. Ina kuma ta juya maganar a raina, ta ina zan faro?

Na iske shi a zaure kan tabarma, wayar na bisa gwiwarsa. Kwanon kokonsa na gefe a rufe, rana ta yi sama bai taɓa ba.

Na yi sallama, na durƙusa. Ni da ake ce ma Sarkin Surutu, a gaisuwa kaɗai na tsaya.

Ya ce, "Rabi ce? Daga Maraɗi?" Na ce eh, Baba.

Can ya ce, "Na yi mashi bip, na sake, bai maido ba. Lawali ba ya makara." Ya shafa wayar da yatsa, ya ce, "Alhamdulillahi a kowane hali. Miƙo mani sandata."

Wani maƙwabcinsa ya kawo mu da mota. Mun samu jana'iza, an tsayar da Baba Dogo a sahun gaba, mutum biyu na riƙe da shi.

Da za a maida shi gida na raka shi bakin mota. Ya riƙe hannun ƙofa, ya ce, "Ɗiyata, gobe da asuba…" Bai ƙarasa ba, ya shiga.

Na karɓi lambarsa wurin maƙwabcin.

Ya Allah, bawanka Lawali bai taɓa raina safiyar da ka ba shi ba. Ka gafarta mashi, ka yalwata kabarinsa, ka tashe shi cikin masu godiya. Ka ba Inna da Baba Dogo haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa Mushe a addu'a. Ni ma ku roƙa mani Allah ya tashe ni da wuri gobe, akwai tsohon da ba zai sha kokonsa ba sai wayarsa ta yi ƙara.