Mutumin da Ake Biya Ya Tsokani Karnuka

A kamfanin horar da karnukan gadi kowa Ɓarawo yake kiransa, alhali ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Aikinsa ne ya jawo masa sunan. Yakan sa riga mai kauri kamar katifa, ya hauro katanga, ya yi ta tsokanar kare har ya harzuƙa ya kai masa cizo. A wannan sana'a ya yi furfura. Ya san karen da buga ƙafa ke tunzura shi, ya san wanda sai an zura masa ido.

A gida kuwa ko kaza ba ya kora. Matarsa takan ce, "Baban yara, duk fitinarka a wurin aiki kake ƙarar da ita, mu sai shiru kake kawo mana."

Dokar aikin ɗaya ce: mai tsokana ba ya shafa kare, ba ya ba shi abinci. Ya kiyaye ta har lokacin da wata baƙar karya ta kwanta ciwo. Tausayi ya kama shi, ya riƙa ba ta ruwa a tafin hannunsa. Da ta warke, in ya hauro katanga sai ta kaɗa masa wutsiya.

Mai horarwa ya ce, "Ɓarawo, ka ɓata min karya. Gobe mai saye zai zo. In ba ta yi cizo ba, likita zai yi mata allurar da ba a tashi."

Washegari, a gaban mai saye, Ɓarawo ya diro da sanda, ya buga ƙafa, ya daka tsawa. Karyar ta zauna tana kallonsa. Mai saye ya fara lalubar makullin mota.

Ɓarawo dai dukanta ba zai iya ba. Amma ya san wanda take so fiye da shi. Sai ya juya ya zabga wa mai horarwa sandar a kafaɗa. Kafin ihun ya ƙare, ta cafke wa Ɓarawo hannu, daidai inda rigar ta tsaya.

Aka saye ta. Da aka sa ta a mota, ta hango shi ta yi gurnani, haƙora a waje. Bai matsa kusa ba.

Mai horarwa yana murza kafaɗa ya ce, "Kai, dukan nan fa da gaske ka yi shi."

Ɓarawo yana ɗaure hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, da ma na jima ina neman hanya."