Littafin da na sace ƙarƙashin katifar surukata

Na ajiye littafin a kan tabarmar Malam, na ce, "Karanta mani. In abin da nake zato ne, daga nan wurin 'yan sa-kai zan wuce."

Malam maƙwabcinmu ne, Musulmi, tsohon malamin firamare. Lokacin ban iya karatu ba, ko baƙi ɗaya. Ban kai wa fasto ba don kada maganar ta zagaye coci kafin in tabbatar. Littafin na surukata ne, matar ɗana, na zaro shi ƙarƙashin katifarta tana can rijiya. Ranar nan ba za ta fita raina ba har in mutu.

Daga wajen Sabuwa aka auro ta zuwa ƙauyenmu kusa da Ketare, ba mu san danginta sosai ba. Shekarar kuwa 'yan bindiga sun matsa mana, kowa na cewa akwai masu kai masu labari daga cikin gari. Wanda aka kama da wannan zargi ba ya kaiwa gaban alƙali, ni ma na sani.

Abin da na lura, kullum in ta ɗebo ruwan safe sai ta tsaya jikin katangar wani gida da bokiti a ka, tana kallon ƙofar, bakinta na motsi. Yau wannan gida, gobe na gaba. Tana dawowa sai ta shige ɗaki, ta ja wani ɗan zane a littafi, ta ɓoye. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce, "Ba komai, Inna." Ba komai ɗin nan ne ya hana ni sukuni. Na fara binta a baya da ciwon gwiwata, ina laɓewa bayan rumbuna. Ran Talata ta tsaya a gidan mai facin taya. Ran Juma'a aka kora shanunsa. Na gaya wa ɗana, ya ce tun farko ba na sonta. Gaskiya ya faɗa, amma ni na ga abin da na gani.

Malam ya sa tabarau ya buɗe. Ya daɗe yana juya shafi.

"Sunayen gidaje ne ko?" na ce.

"Su ne."

"To, na faɗa."

"Zauna, Inna, ki ji sauran." Ya ɗora yatsa. "Gidan mai faci, tarin matarsa. Gidan mai niƙa, su daina faɗa. Ga nawa ma: gidan Malam, Allah ya dawo da ɗansa lafiya daga Kankara."

"Mi ke nan?"

"Addu'a take yi. Kowace rana gida guda, in ta gama ta sa alama, in ta zagaye gari ta sake daga farko."

Ban yarda nan take ba. Na ce mai wayo ai zai iya rufe abinsa da addu'a. Sai ya ce in tuna ranar da muka gudu daji muka wuni cikin dawa. Ya nemo ranar, ga alamar nan. Ranar da ta yi ɓari ta kwanta, ita ma ga alamar, rubutun ya karkace amma tana nan. Ya bi tun daga shafin farko yana neman giɓi, bai samu ba.

Ni ce mai ɗaga murya a zumuntar mata, ni ce gaba a waƙa ran Lahadi. Amma in ba Lahadi ba, sai na ji harbi nake tuna Ubangiji. Ban taɓa ganin wanda ke yin abu kullum ba tare da an sa shi ba, shi ya sa da na gani na ɗauka mugun abu ne.

"Akwai sunan da ke ƙasan kowace rana," in ji Malam. "In karanta?"

"Karanta."

Ya karanta: "Inna, gwiwarta. Ni kuma Allah ya ba ni haƙuri da ita." Ya rufe littafin ya miƙo mani. "Har yanzu za ki wurin 'yan sa-kan?"

Ban je ba. A gida na tarar da surukata ta ɗage katifa tana nema. Na miƙa mata, na gaya mata komai, har inda na yi niyyar kai ta, don ni ban iya kwana-kwana ba. Ta zauna bakin gado, ta rungume littafin.

"Koya mani karatu," na ce, "kada in sake kai takarda wurin wani."

"Kullum ne fa, Inna, da an sauke tukunya. Ba Lahadi kaɗai ba."

"Na ji. Fara nuna mani inda nake."

Ta buɗe shafin ranar, ta kama yatsana ta ɗora a layin ƙarshe.